Amsa: In koma Windows 11 ko in zauna a 10?

Malam, ka ce kwamfutarka ta gwanjo ce, Core i5, RAM 8GB, kuma Windows 10 ba ta taɓa ba ka matsala ba, to mene ne na canji?

Ga dalili: tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba. Za ta ci gaba da aiki lafiya lau, sai dai duk ɓarakar da aka gano nan gaba ba za a toshe maka ita ta hanyar da aka saba ba. In kana shiga asusun banki da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma "i5" kaɗai bai isa ba. Duba lambar da ke biye. In 8250U ce ko wadda ta fito bayanta, ka tsallake. In irin su 6200U ne, Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance. Sannan tana son TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, wanda sau da yawa yana nan, an dai kashe shi ne a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Sauke PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko kwamfuta ta cancanta, shi zai faɗa maka gaskiya. Masu gyara za su ce maka suna iya ɗora ta da dabara. Suna iyawa kam, ni dai ban ba ka shawara ba.

In ta cancanta, ka hau, kyauta ne. Kwashe takardunka a filashi tukuna, ka tanadi data mai kauri, ka cika batir. Ni tsohuwar firintata ce ta yi mini gardama, na kwana biyu ina neman direbanta, wato manhajar da ke sa ta aiki da kwamfuta. In ba ta yi maka ba, kana da kwana 10 ka koma ta da.