Tsohon injin babbar mota ya cije: ta ina zan fara?

Tambaya: Na samu tsohuwar babbar mota mai injin dizal da ta yi kusan shekara 20 a ajiye. Ina so in dawo da ita yadda take tun asali, amma injin ya ƙi juyawa. Wasu sun ce in sa sabon batir, ko a ja ta a giya. Me ya fi?

Amsa: Malam, don Allah kada ka yi ko ɗaya. Yawancin tsofaffin injuna ba zaman da suka yi ke kashe su ba, gaggawar ranar farko ce. Danshi ya shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, tsatsa ta manne ringi da bangon silinda. Ka tilasta shi da kik ko da ja, sai ringi ya karye ko kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, ya lanƙwashe.

Fara da kwance noti na ƙasan injin, wanda ake juye baƙin mai ta wajensa, ka ga abin da zai fara fitowa. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai riga zuwa. In baƙin man ya koma fari-fari kamar madara, akwai zargin gaskit ko tsagewa a tof silinda, wato kan injin, gara a sauke kan tun yanzu.

In man lafiya yake, cire nozul duka, wato masu fesa dizal cikin silinda, ka zuba man da ke ratsa tsatsa a kowace silinda, ka bar shi mako ɗaya ko biyu kana ƙarawa. Buɗe murfin sama, ka ɗan bubbuga kowane bawul da gudumar roba, ka ga ya sauka ya dawo da kansa. Sannan ka sa doguwar sufana a notin kiranshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa, ka gwada gaba kaɗan, baya kaɗan, da hannu kawai. Ranar da ya motsa ko da faɗin farce ne, ka ƙara mai, ka ci gaba a hankali har ya yi zagaye biyu cikakku, domin a zagaye biyu ne kowace silinda ke kammala aikinta. Kafin ka mayar da nozul, ka tabbata man da ka zuba ya fita, don ruwa-ruwa ba ya matsuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne famfon mai, wato mai tura dizal zuwa nozul. A tsofaffin famfuna akwai sandar da ke daidaita yawan man da ke shiga silinda. In ta maƙale a buɗe, injin na tashi zai yi ta hawa ba tsayawa, kuma kashe makulli ba lallai ya tsayar da shi ba. Ka sa ƙwararre ya duba ta tana motsi. Ranar tayarwa kuma ka cire robar iska, wani ya tsaya da faffaɗan katako a shirye ya toshe bakin shigar iskar. Katako, ba tafin hannu ba.

Kada ka yi amfani da man da ke tsohon tanki. Jawo sabo daga jarka mai tsabta, da sabuwar filta. Zuba sabon baƙin mai, ka juya injin ba tare da ba shi dizal ba har agogon mai ya nuna matsi.

In bayan mako uku ya ƙi motsi, kwance shi. Yawancin injunan manyan motoci suna da silib, wato bututun ƙarfe da ke zama bangon silinda, da ake cirewa a sa sabo, don haka gangar injin ta asali, mai ɗauke da lambarta, za ta tsira. Ga mai son dawo da mota asalinta, wannan lambar ta cancanci wahalar.