Tambaya da Amsa: Wace wuƙa zan rataya in za mu kwana a daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni da abokaina mun fara fita yawon daji da hawan dutse, mu yi ta tafiya a ƙafa wuni guda da jakar goyo a baya, inda dare ya yi mana mu kafa tanti mu kwana. Ina da 'yar wuƙa mai naɗewa amma gaskiya ta fara ba ni tsoro, ranar nan ina sassaƙa turke ta naɗo saura ƙiris ta datse min yatsa. Toh yanzu ina son irin wadda ba ta naɗewa, mai kube, madaidaiciya ba ƙatuwa ba kuma ba 'yar mitsitsiya ba, sannan mara nauyi don kayan bayana ma sun ishe ni. Na duba intanet kaina ya ɗaure, kowa da abin da yake yabo. Dan Allah wacce zan saya? Daga wani ƙaninka mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya ƙara tsarewa, yatsa ba ya tsirowa. Ka yi daidai da ka fara tunanin wuƙa mai kube, domin duk wuƙar da ke da gaɓa a tsakiya toh nan ne rauninta yake, datti da yashi suna shiga ciki, makullin yana saki in ya tsufa, ita kuwa wadda ba ta naɗewa ƙarfe ne guda ɗaya, ka goge ta da tsumma ka mayar kube shikenan.

Amma kafin mu kira sunan ko wane kamfani, zauna ka lissafa abin da ka yanka a fitarku ta ƙarshe. Na san amsar tun kafin ka faɗa: igiya, ledar abinci, albasa ko kifi, fiƙe turakun tanti, fere itace a samu ƙiraruwan hura wuta, ƙila ka cire ƙaya a tafin takalmi. Duk cikin waɗannan babu wanda ke buƙatar ƙatuwar wuƙa irin ta fim. Hausawa suka ce wuƙar fiɗar giwa ba girma ba, kaifi.

Ni kaina sai da na biya kuɗin makaranta kafin na gane haka. Farkon fitata na sayi wata shirgegiyar wuƙa, bakinta kaɗai ya kai inci 7, ga kauri kamar ƙarfen sifirin na mota, na rataya ta a ƙugu ina ta jin kaina. Ko awa biyu ba mu yi ba ta fara dukan cinyata duk taku ɗaya, bel ɗin jakar goyo kuma ya hau kan mariƙinta yana danna min shi a ƙashin ƙugu, in na zo zama a kan dutse sai ta tokare ƙasa ta turo min haƙarƙari. Kafin azahar na kwance ta na cusa can ƙasan jaka. Da yamma da aka zo yanka albasa na ciro ta, maimakon ta yanka sai ta dinga farfasa ta kamar ana faskare, ruwan albasa na ta zuba, abokaina na ta dariya. Ƙarshenta 'yar siririyar wuƙar wani daga cikinmu muka dinga karɓa-karɓa har muka dawo, tawa kuwa dako kawai na yi mata.

Toh ga awon da nake ba kowa. Tsawon baki, wato ƙarfen da ke waje ban da mariƙi, ya zama tsakanin santimita 9 zuwa 11, kusan inci 4 kenan. In ba ka da abin awo ɗora ta a tafin hannunka a kwance, in ta yi daidai da faɗin tafin ko ta ɗan ɗara kaɗan ta isa. Nauyi kuma ka nemi wadda ba ta wuce giram 150 ba, in da hali har da kubenta kar ta haura 200.

Abin da mutane ba sa lura da shi, nauyin wuƙa a kaurinta yake fiye da tsawonta. Wuƙa biyu tsawonsu ɗaya, guda kaurin gadon bayanta milimita 2.5, ɗayar milimita 5, za ka ga ta biyun ta kusa ninka ta farkon a nauyin ƙarfe, kuma abin haushin ma ta farkon ta fi ta yanka, saboda siririn ƙarfe ratsa abu yake yi, mai kauri kuwa buɗa shi yake kamar gatari. Ga mai tafiyar ƙafa milimita 2.5 zuwa 3.5 ya wadatar. Akwai irin su Becker BK2 ta kamfanin Ka-Bar a Amurka, kaurinta kwatan inci, nauyinta ya doshi rabin kilo, wuƙa ce ta gaske ban raina ta ba, amma wanda ke zuwa sansani a mota ita ta dace da shi, ba kai da ke hawan dutse da ƙafa ba.

Sai maganar da ake ta cacar baki a kanta, jelar wuƙa, wato ragowar ƙarfen da ya shige cikin mariƙi. Wasu wuƙaƙen ƙarfen ya zarce har ƙarshen mariƙi da cikakken faɗinsa, kana ganinsa a tsakiya an manna masa katako ko roba gefe da gefe an ɗaure da ƙusoshi. Wasu kuma siririyar jela ce aka cusa ciki ba ka ganinta. Gaskiya ne mai cikakkiyar jela ta fi jure duka, amma kar ka manta wannan ƙarin ƙarfen kai ne za ka goya shi, kuma lokacin sanyi mai tsanani ƙarfen da ke leƙowa a mariƙi yana cizon tafin hannu. Mutanen Finlan sun daɗe suna aikin itace da wuƙarsu ta gargajiya mai suna puukko, wadda siririyar jela gare ta, ba su rasa komai ba. Inda cikakkiyar jela ke da rana shi ne in kana son ɗora wuƙa a kan guntun itace ka dinga dukan bayanta da sanda don ka tsaga shi, abin da 'yan bidiyo ke son nunawa. Yana da amfani ranar da aka sha ruwan sama, tunda cikin itacen yakan zama busasshe ko da bayansa ya jiƙe. Amma itace mai kaurin wuyan hannu ake yi wa haka, ba gungume ba. In manyan itatuwa kake son yankawa sayi ɗan zarto mai naɗewa, nauyinsa bai kai na ƙatuwar wuƙa ba kuma ya fi ta aikin nesa ba kusa ba.

Kan ƙarfe kuwa kar lambobin nan su firgita ka, gida biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai yawan kabon, irin wanda ake rubuta wa 1095, yana ɗaukar kaifi da wuri, ko a kan ɗan ƙaramin dutsen washi ka gyara shi, matsalarsa tsatsa. Sai wanda ba ya saurin tsatsa, da aka haɗa shi da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, irin su 12C27 da 14C28N da 420HC. Lura da kalmar, ba ya SAURIN tsatsa, ba wai ba ya yi kwata-kwata ba. Na taɓa mayar da baƙar wuƙata cikin kuben fata bayan mun sha ruwa a hanya, na manta da ita kwana uku a jaka, da na zaro ta wallahi ja-ja-ja ta yi tun daga tsini har gindi, bakin kuma ya yi ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa mata barkono, sai da na ɓata yamma guda ina gurza da takardar yashi. In ka san kai ba mai goge kaya da shafa mai ba ne, ko kuna yawan fita da damina ko bakin ruwa, ɗauki mara tsatsa ka huta. Ni yanzu ita nake ɗauka, na san halina.

Sunaye kuma, tunda su kake jira. In ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya zan ce ya fara da Morakniv Companion, ana yin ta a garin Mora na ƙasar Suwidin. Bakinta santimita 10 da 'yan kai, nauyinta har da kube wajen giram 120, mariƙin roba ne da ba ya zamewa ko hannu ya jiƙe, kuma tana cikin mafi araha a wuƙaƙen da ake yi wa kallon na ƙwarai. Jelarta ba cikakkiya ba ce, kubenta roba ne mara kyan gani, ba wanda zai gan ta ya ce kai wannan wuƙa! Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Kuma ita ce mafi daɗin koyon washi, domin gangaren bakinta guda ɗaya ne mai faɗi, ka kwantar da shi a kan dutse shi da kansa zai nuna maka kwanar da za ka riƙe. In zuciyarka ta ƙi kwanciya sai da cikakkiyar jela, kamfanin dai yana da Garberg, ta fi kauri ta fi nauyi, gadon bayanta kuma an bar shi da kusurwa mai kaifi don a karta sandar ƙyastu a samu tartsatsi.

Sama da nan akwai Fallkniven F1, ita ma daga Suwidin, wadda tun 1995 ita ce wuƙar matuƙan jiragen yaƙin ƙasar. Bakinta milimita 97, nauyinta giram 150, tana da kauri milimita 4.5 amma an yi wa bakin gangare mai ɗan tudu wanda ke sa ta yanka fiye da yadda kaurin ya nuna, sai dai washinta yana son hannun da ya saba. Daga Amurka kuma akwai ESEE-3 da ESEE-4, duk da ana yawan yabon ta huɗun ni ta ukun zan nuna maka, kaurinta milimita 3.2 nauyi wajen giram 150, alhali ta huɗun ta doshi 230 ba a ma sa kube ba. Yawancinsu ƙarfen 1095 ne da aka shafa wa fenti, bakin kaifin da ba fenti shi ke fara tsatsa.

Kube fa? Kar ka sayi wuƙa ba ka gwada kubenta ba. Sa ta ciki, kifa ta ƙasa ka girgiza a hankali a kan ƙasa nesa da ƙafarka, in ta zamo ta faɗo toh wata rana a kan dutse za ta faɗo. Kuben roba mai tauri, irin Kydex, ya fi dacewa da mai yawo, ba ya shan ruwa, wasu har da 'yar huda a ƙasa ruwa ya tsiyaye. Fata ta fi kyau kuma ba ta ƙara, amma ka ji labarina. Sannan ka gwada shi da jakarka a goye ka ga ko bel ɗin jakar yana hawa kansa, in yana hawa ka nemi kube mai lilo wanda ke sauka ƙasa da ƙugu, ko kawai ka sa ta a aljihun saman jaka. Mariƙi ma riƙe shi ka matse sosai na minti ɗaya, duk inda ka ji yana cizonka a minti ɗaya toh nan ne bororo zai fito bayan rabin awa na sassaƙa. Masu zanen gurbin yatsu da masu haƙoran zarto a baya da masu ramin ɓoye ashana a mariƙi, wuce su.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, hannuna ƙarami ne, duk wuƙar da na gani kamar don maza aka yi. Akwai tamu daban?

AMSA: 'Yar'uwa babu wuƙar mata babu ta maza, akwai dai mariƙin da ya yi wa hannu yawa. Nemi mai siririn mariƙi wanda yatsunki za su zagaye shi har babban yatsa ya taɓa na tsakiya, baki santimita 8 zuwa 9 ya ishe ki komai. Ki tabbata akwai ɗan tudu tsakanin mariƙi da kaifi da zai tare yatsa in hannu ya zame. Kuma ki riƙe ta da kaifi kullum, dasasshiyar wuƙa ita ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ta kuɓuce ta same shi. In kina fere itace ki zauna, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ki dinga tura wuƙar waje, kar ki taɓa yin yanka a tsakanin cinyoyi, akwai babbar jijiyar jini a wajen.

TAMBAYA: Zan iya tafiya da irin wannan wuƙar a jirgi, ko in riƙa yawo da ita a gari?

AMSA: A jakar hannu ta cikin jirgi sam, za a karɓe ta a wajen bincike. A akwatin da ake aunawa a kai ƙasan jirgi akan yarda, cikin kubenta a naɗe da kyau, amma ka tambayi kamfanin jirgin da dokar ƙasar da za ka sauka. Yawo a gari kuma kowace ƙasa da nata tsarin, a Ingila misali wuƙa mai naɗewa mara makulli da bakinta bai wuce inci 3 ba ita kaɗai aka yarda ka ɗauka haka kawai, mai kube ko da ƙarama ce sai kana da ƙwaƙƙwaran dalili. Ni abin da nake yi, tana can ƙasan jaka tare da tanti da tukunya har sai mun bar kwalta mun shiga daji sannan in ɗaura ta, a dawowa ma tun kafin mu iso bakin titi na kwance ta na mayar.