Tambaya da Amsa: Ɗana Ya Haddace Darasi Amma Bai Gane Suna Ba

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ɗana yana aji CE1, wato aji uku na firamare, a nan Tawa, shekarunsa 8. Mushensu, wato malaminsu, ya yi musu darasin nom commun da nom propre, ya haddace abin da ke cikin kaye, littafinsa na rubutu, tsaf, amma in aka ce ya ja layi ƙarƙashin suna a jimla sai ya ja inda ya ga dama. Ni faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Yaya zan taimaka masa?
Wata uwa daga Tawa

AMSA: Ƴar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan aiki ba ya buƙatar faransanci. Yaron da kike aika ya ɗauko ludayi, ya kuma kawo ludayi ba muciya ba, ya riga ya san suna. Abin da ya rage shi ne ya lura da abin da bakinsa ke yi kullum. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma haddar ma'ana ba ta taɓa burge ni ba. Yaro zai rera miki ita kamar waƙa, ki nuna masa jimla ya tsaya yana kallon sama.

Rufe kayen tukuna. Ki zaunar da shi a tsakar gida, ki nuna akuya ki ce, “Mece ce wannan?” Zai ce akuya. “Ta gidan maƙwabta fa?” Akuya. “Waɗanda ake korowa kasuwa ran Lahadi fa?” Duk haka sunansu yake. To, wannan shi ne suna gama-gari, wato nom commun, sunan da dukan ƴan jinsi ɗaya suka yi tarayya a kansa: tukunya, turmi, jaki, gari, yaro. Daga nan ki tambaye shi wa aka yanka wa rago ran bakwai aka raɗa masa suna. Zai ce shi. Shi kaɗai ke amsa wannan kira a gidan, shi ya sa masu nahawun Hausa suka ce masa sunan yanka, wato nom propre, kuma shi ake farawa da babban harafi. Gari gama-gari ne, amma Tawa, Konni da Yamai kowace sunanta nata ne.

In ya kama wannan, ki ɗan rikita shi da gangan, don nan ake gane wanda ya fahimta. Ki ce, “Kowane ɗaki da autansa,” sannan ki ce, “Auta, zo nan.” Wanne ne na kowa, wanne ne na mutum guda? Ki bar shi ya yi gardama, kada ki yi saurin ba shi amsa.

Matsalar jan layi kuwa, ga gwajin da nake ba ɗalibaina: kalmar tana karɓar “wannan” a gabanta? Tana da jam'i? Wannan rago, raguna. Wannan akuya, awaki. Amma a “Jaki ya ci dusa”, ana cewa “wannan jaki ya ci wannan dusa”, ba mai cewa “jaki ya wannan ci dusa”. Jaki da dusa ne suka ci jarabawa. In ya ce “akuyoyi” kada ki yi masa dariya, ai ya gano akwai ƙa'ida ke nan, ki dai faɗa masa “awaki” ki wuce.

Ran kasuwa ki tafi da shi. Albasar Galmi, cuku, tabarma, gishiri, duk abin da kika sa a kwando ya faɗi sunansa, in kun dawo ya rubuta biyar a allo da alli. Da dare kuma ga kacici-kacici, wanda amsarsa kusan kullum suna gama-gari ce: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Kakanninmu sun yi wannan darasi ba tare da sun san sunansa ba, mu ne muka bar wa waya yaran.

Wuri ɗaya ne faransanci zai ba shi wuya, wato jinsi. A Hausa yawancin sunayen da suka ƙare da “a” tamata ne, ban da irin su gida, ruwa, nama da wata, kuma yaron Adar ba ya kuskure: rago na, akuya ta, inda wasu ke cewa ne da ce. Faransanci bai bi wannan hanya ba. Rana tamace ce a wurinmu, a can le soleil. Wata namiji, a can la lune. Saboda haka kada ya haddace kalma tsirara, ya riƙe ta tare da le ko la ɗinta tun ranar farko. Wannan ma zai taimaka masa wajen jan layi, domin yawanci inda ya ga le, la, un ko une, suna na biye.

Kada ki ji kunyar yin duk wannan da Hausa. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram. Ki je ki gai da mushen, ki roƙe shi jerin kalmomin da za su yi a makon, ku bi su ɗaya-ɗaya da abin da ke cikin gida. Minti goma bayan la'asar sun isa, in ya fara hamma ki sallame shi ya tafi ƙwallo.