Babban kare ya kwanta ya kasa tashi, kuma kai kaɗai ne a gona: yadda za ka kai shi asibiti

Tambaya daga wani mai kiwon kaji a bayan garin Ikorodu, jihar Legas: Assalamu alaikum. Ina da karen gadi irin Boerboel a gonata, nauyinsa ya haura kilo 60. Da asuba na tarar da shi kwance a bayan ɗakin kaji, yana ɗaga kai yana kallona amma ƙafafun baya ba sa motsi. Yaron gona ya tafi Arewa ganin gida, maƙwabta kuma babu mai yarda ya taɓa kare. Mota tana nan, ɗaga shi ne ya gagara. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sawwaƙe. Abu na farko, ka cire maganar ɗauka daga ranka. Karen da ya fi buhun shinkafa nauyi, ga shi yana jin zafi yana mutsu-mutsu, ba abin runguma ba ne. Idan ka sa hannu ɗaya a ƙirjinsa ɗaya a cinya ka ciccibe shi, tsakiyar bayansa zai lanƙwashe, kuma in matsalar a ƙashin baya take, wannan lanƙwasawar kaɗai tana iya ƙarasa lakar da ta rage. Kai ma ƙugunka ba zai tsira ba, fuskarka kuma tana dab da haƙoransa. Jan sa za ka yi a kan abu mai faɗi, tun daga inda ya kwanta har cikin mota.

Amma kafin ka taɓa shi, ka tsaya nesa kaɗan ka dube shi na minti biyu ko uku, domin abin da ka gani shi zai nuna maka ko a ɗauke shi ma ko a'a.

Idan haɓarsa ta saki baki ya ƙi rufuwa, miyau na dalala, muryar haushinsa ta canza, ko a 'yan kwanakin nan halinsa ya sauya, kuma ba a yi masa rigakafin ciwon haukan kare ba a kan kari, to ka ja da baya. Mutane sun fi sanin mahaukacin kare mai gudu yana cizo, alhali akwai nau'in ciwon da ke zuwa da shanyewar jiki, karen ya yi laushi kamar abin tausayi. A nan ne ake yin kuskuren da ke kashe mutum: mai kare ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a baki. Irin wannan kare ba a sa shi a mota. A rufe wurin, a hana yara da dabbobi zuwa, a kira likitan dabbobi ya zo da kansa. Wanda karen ya ciza ko ya yakusa, ko miyau ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi.

Idan babu waɗannan alamu, ka sa safar hannu ko ka ɗaura leda, ka ɗaga leɓensa ta gefe ka dubi dasashinsa. Na lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske, in ka danna da yatsa ya yi fari, jan yana dawowa kafin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat yana nufin jini ya yi ƙasa ƙwarai: ko yana zuba a cikin ciki, ko shinkafar ɓera ce ya ci, ko cutar da kaska ke sakawa ce ta cinye jinin. Wannan ta ƙarshen ta yi yawa a Legas saboda damshi, kuma sau da yawa fitsarin yakan yi duhu kamar ruwan shayi. Ciki ya kumbura ya yi tauri, kare na kakarin amai babu abin da ke fitowa, wannan murɗewar tumbi ce, ciwon manyan karnuka masu zurfin ƙirji, kuma tana kisa cikin sa'o'i kaɗan, sai tiyata. Karkarwar jiki da miyau mai yawa da zawo da ƙwayar ido da ta tsuke, ka tuhumi fiya-fiya ko maganin feshin gona. Tunda kuma kai mai kaji ne, ka tambayi kanka inda ake zubar da mushen kaji. Karen da ya tono ruɓaɓɓen mushe ya ci yana iya kamuwa da gubar da ke fara kashe ƙafafun baya ta hauro gaba, shi kuwa hankalinsa ƙalau, har jela yana kaɗawa.

Duk abin da ka gani, ka ɗauki bidiyonsa da waya, ka kira likita tun kafin ka tayar da mota, ka tura masa ta WhatsApp. Ka faɗa masa lokacin ƙarshe da ka ga karen a tsaye, domin a ciwon laka sa'o'i ake ƙirgawa. Ka tambaye shi abu biyu: yana nan kuwa, kuma suna yin tiyata da ɗaukar hoton ƙashi? Ba kowane shagon da ke sayar da maganin kaji ne asibiti ba, kuma ba ƙaramar asara ba ce mutum ya sha cunkoson hanyar Ikorodu ya isa a ce masa ya wuce gaba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha a ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona, akwai masu zaman kansu, wasu likitocin ma suna zuwa gona in an biya kuɗin mota. In za a samu mai zuwa cikin sa'a guda kuma karen yana numfashi daidai, jiran ya fi tafiyar.

Sai takunkumi. Ko karen da ka rena tun yana ɗan kwikwiyo, zafi kan sa ya kai cizo ba tare da ya san wa ya ciza ba. Ka yago ƙyalle mai laushi, faɗin yatsa uku, tsawon kamar mita ɗaya da rabi. Ka yi zarge a tsakiya, ka zo ta bayan kansa ka zura a hancinsa zuwa kusa da idanu, ka ja ya kama a sama, ka sauko da bakin biyu ka gitta su a ƙarƙashin haɓa, ka kai bayan kunnuwa ka ɗaure da ƙullin da ja ɗaya zai kwance. Kada ka yi amfani da waya ko igiyar roba. Kada kuma ka sa takunkumi wa karen da ke amai, ko mai haki sosai, ko wanda numfashi ke yi wa wuya, ko wanda ya suma, domin zai shaƙe. Ga irin waɗannan sai ka yafa masa tawul mai kauri a kai lokacin da za ka ja shi, ka cire da zarar ka gama.

Yanzu abin ɗauka. Mafi kyau shi ne filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, tsawon ƙafa huɗu, faɗin ƙafa biyu zuwa biyu da rabi. Tsohuwar ƙofar katako ko saman teburi ma sun yi. Allo marar kauri yana lanƙwasawa a tsakiya, ya zama ba a yi komai ba. Ka gwada shi a motar tukuna, kar ka ɗaure kare ka zo ka tarar allon ya ƙi shiga ƙofa. In akwai hali ka huda rami biyu a gefe ɗaya na tsawonsa ka zura igiya, ita ce abin janka.

Ka bar karen a kwance ta gefen da ya zaɓa, kada ka juya shi. Ka ajiye allon a ƙasa dab da bayansa, ta ɓangaren da ba ƙafafu. Ka ɗauko buhun abincin kaji da babu komai a ciki, irin mai santsi, ka naɗe rabinsa ka cusa a ƙarƙashin bayan karen a hankali, daga kafaɗa zuwa ƙugu, kana dannawa da tafin hannu har ya shige gwargwadon yadda zai yiwu. Sannan ka durƙusa a ɗaya gefen allon, ka tokare shi da gwiwoyinka, hannu ɗaya ya kama buhun da fatar saman kafaɗa, ɗaya ya kama buhun da fatar saman ƙugu, ka ja hannu biyun lokaci guda, ɗan kaɗan-kaɗan. Abin lura a nan shi ne kafaɗa da ƙugu su tafi tare. In ka ja gaba ka dawo ka ja baya, ka murɗa ƙashin da kake ƙoƙarin karewa. Ba a ja ta ƙafa, ba a ja ta jela, ba a ja ta abin wuya. In bakin allon ya yi tudu, ka ɗan tona ƙasa a ƙarƙashinsa ko ka tara yashi a gefe ya zama gangare.

Da ya hau, ka ɗaure shi da zani ko ƙyalle mai faɗi a wuri biyu, ɗaya ta kan kafaɗa ɗaya ta kan ƙugu, ka zagaya ta ƙarƙashin allon. A bar ciki da wuya sake, kuma yatsunka biyu su iya shiga tsakanin ɗaurin da jikinsa.

Ka kawo motar kusa iyakar iyawa, ka ja allon da igiya zuwa wurinta. In a gonar akwai dakali ko tudun da ake loda buhuna, ka ja motar da baya ta manne da shi, aiki ya yi sauƙi. In babu, hanya biyu ce. Ko ka jingina falankai biyu masu ƙarfi, tsawon ƙafa takwas ko fiye, daga ƙasa zuwa bakin but, ka tokare gindinsu da bulo, ka shiga cikin motar ka jawo allon sama da igiya. Ko kuma ka ɗaga gefen da kan karen yake ka ɗora a kan bulo biyu, ka huta, ka ƙara ɗagawa ka ɗora a bakin motar, sannan ka zagayo ka ɗaga ƙarshen ka tura ciki. Ta haka wajen rabin nauyin kawai kake ɗauka a kowane lokaci. Ka lanƙwasa gwiwa, bayanka a miƙe, allon kusa da jikinka. Motar da kujerun baya ke kwantawa ko akori-kura ta fi dacewa. A ƙaramar mota, kujerar baya ce wurinsa, ka cike ramin ƙafa da buhuna don kada allon ya tuntsura in ka taka birki. Rufaffen but kuwa sam bai halatta a sa mai rai a ciki ba, zafi da hayaƙi na iya kashe shi kafin ka kai asibiti.

Idan kana da tabbacin ba ƙashin baya ba ne, misali kumburin ciki ko rashin jini, tamfol ko bargo mai ƙarfi ya isa a ja shi a kai, kuma sauri ya fi muhimmanci. Wanda ƙafafunsa na gaba ke da ƙarfi kuma yana yunƙurin tashi da kansa ba tare da kuka ba, ana iya zura babban tawul a ƙarƙashin mararsa a riƙe bakin biyu sama, ya taka da na gaba. Amma a halin da ka kwatanta, Alhaji, allo za ka yi amfani da shi.

Tambaya daga wata mai lambun ganye a hanyar Badagry: Kafin a kama hanya, ba za a ba shi maganin rage zafi ko manja ba, in ana zaton guba ce?

Amsa: A'a, Hajiya, kada a ba shi komai ta baki. Ibuprofen da diclofenac suna huda wa kare tumbi su lalata ƙoda, paracetamol in ya yi yawa yana taɓa hanta, tramadol kuma zai ɓoye alamun da likita ke nema. Ɗura manja ko madara wa dabbar da ke kwance hanya ce ta tura shi cikin huhu, a ƙara ciwo a kan ciwo. Abinci ma a dakata, don ƙila a yi masa allurar barci. Abin da zai taimaka shi ne ki tafi da kwalbar ko ledar abin da kike zargin ya ci, in kuma maganin feshi ne ya zube masa a jiki, ki sa safar hannu ki wanke shi da ruwa da sabulu.

Wani abin kuma da ake yi kafin tafiya shi ne sanyaya karen da zafin rana ya kayar, kamar wanda aka ɗaure a rana ko aka rufe a kejin kwano. Zafin jikin lafiyayyen kare daga digiri 38 ne zuwa 39.2 na Celsius a ma'aunin da ake sawa a dubura. In ya kai 41, yana haki harshe waje, a ja shi inuwa, a riƙa kwara masa ruwan famfo ko na rijiya a jiki duka, a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo, yana riƙe zafi. In ma'auni ya sauko wajen 39.5 a tsaya, a kama hanya da gilasai a buɗe ko na'urar sanyi a kunne.

Tambaya daga wani mai sayar da dabbobi a Alaba Rago: Ni ba ni da mota. Kuma wannan dabara za ta yi wa babban rago da ya kwanta?

Amsa: Malam, ka nemi shatar keke Marwa, wato babur mai ƙafa uku, ko ƙaramar motar kaya, ka gaya wa direban gaskiyar abin da za a ɗauka tun a waya, ka tanadi leda da tamfol na shimfiɗa. Acaɓa ba zaɓi ba ne ko a unguwannin da ba a hana shi ba. In gonar tana lungun da mota ba ta shiga, a ɗora allon a gicciye a saman baro a ɗaure shi da igiya, amma kada a jefa dabbar cikin kwarmin baron.

Jan rago a kan allo ko tamfol daidai ne, sai dai akwai bambanci babba. Kare ana barinsa a kwance ta gefe, rago da akuya da saniya kuwa in suka daɗe a shimfiɗe haka, iska tana taruwa a tumbi ta kasa fita, cikin ya kumbura, abin da suka tuƙa ya dawo ya shiga huhu. Da zarar ka shigar da shi mota, ka zaunar da shi a kan ƙirjinsa, ƙafafu a naɗe a ƙarƙashi, ka tokare gefensa biyu da buhun dusa ko damin harawa, kai a sama amma baki ya ɗan sunkuya ƙasa don miyau ya zuba waje. Kada ka ja shi ta ƙaho ko ka ɗaure ƙafafunsa huɗu wuri ɗaya. In tafiyar ko jiran zai wuce sa'o'i biyu, ka riƙa sauya cinyar da ya danne, domin naman da nauyi ya daɗe a kansa yana mutuwa, sai a warkar da ciwon farko amma ragon ya kasa miƙewa.