Na Zuba Taki, Masarata Kuma Ta Yi Rawaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Gonata tana cikin wani kwari. Na zuba kamfa, na bi da yuriya, amma tun da ruwan Yuli ya kankama ganyen masarar ya koma rawaya, ta ƙi girma. Takin ne jabu, ko in ƙara wani? Daga wani manomi a Bukuru, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka ƙara ko mudu ɗaya tukuna. Kwarin nan da ka ambata shi nake zargi.

Saiwar masara tana numfashi, iskar da take shaƙa kuwa tana cikin 'yan kafofin ƙasa. Idan ruwa ya kwanta ya cike su, sai saiwar ta shaƙe, ta kasa jan abinci ko da taki na kewaye da ita. Ƙaramar masara ma 'yan kwanaki cikin ruwa sun isa su kashe ta. Ita kuma yuriya, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, sinadarin da ba ya zama a jiƙaƙƙiyar ƙasa: wani ruwa ya wanke shi, wani ƙananan halittun ƙasa su mayar da shi iska. Da tsadar buhu a yau, wannan asarar tana ci mini rai.

Ka duba ganyen da kyau. In rawayar ta fara daga ganyen ƙasa, daga baki tana bin jijiyar tsakiya, yunwar naitirojin ce. In launin ya ja shunayya, fosfaras ne, wani sinadarin da ke cikin kamfa, saiwar ta kasa ɗauka, sanyin ƙasar Filato kuma yana ƙara hakan.

Fara da fartanya. Haƙa magudana ta gangaren gonar, ka ɗaga kunyoyin. Idan ƙasa ta tsane, da danshi amma ba taɓo, sai ka tona ɗan rami nesa kaɗan da gindi, ka auni yuriya cikin murfin kwalba ɗaya ka zuba a ramin, ka rufe da ƙasa. In har masarar ta riga ta fitar da gemu, riƙe kuɗinka, amfanin kaɗan ne.

Baɗi ka yi kunya mai tudu, ka zuba ruɓaɓɓen kashin kaji kafin shuka, ga gidajen kaji nan birjik a Jos. Yuriyar ka raba ta biyu. Can ƙasan kwarin kuwa, inda ruwa ba ya tashi, ni dai da nawa ne gwaza ko shinkafa zan sa.