Littattafan da suka dace da ɗaliban aji uku

Malama, kin tambayi littattafan Hausa da za ki fara karanta wa ɗalibanki na aji uku a firamare, tunda yawancinsu ba su riga sun ƙware da haɗa baƙi ba.

Shawarata ita ce ki fara da tatsuniya da baki kafin ki ɗauko littafi. Idan kika ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa "Ta zo mu ji ta," kin riga kin mallaki hankalinsu, kuma labarin Gizo da Ƙoƙi ba baƙo ba ne a kunnensu. Daga nan sai ki shiga Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, domin jimlolinsa gajeru ne, kuma akwai waƙoƙin da yara za su riƙa amshi.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, taska ce, amma Hausarsa ta yi wa ɗan shekara takwas nauyi. Kuskuren da malamai da yawa suke yi shi ne miƙa wa yaro shi ya karanta da kansa, har ya tsani karatu. Ki zaɓi labari guda daga cikin waɗanda aku yake bayarwa, ki karanta a bayyane, ki tsaya inda labarin ya yi daɗi, ki tambaye su abin da zai biyo baya. Kada a mai da kowace tatsuniya jarrabawa.

Yaron da yake kusanto da littafi dab da idonsa, ko yake rikita baƙaƙe duk da ƙoƙarinsa, a sanar da iyayensa su kai shi asibiti a duba ganinsa da jinsa.