Sai an karanta ilimin taurari kafin a binciki ruwan duniyar wata?

Ka tambaya ko digirinka na ilimin duwatsu zai kai ka ga binciken ruwan duniyar wata. Zai kai ka, domin Carle Pieters, wadda ta jagoranci na'urar da ta gano alamar ruwa daga kumbon Indiya Chandrayaan-1 a 2009, a sinadaran duwatsu ta yi digirinta na uku.

Sharaɗin shi ne ka ƙware a fiziks da sarrafa bayanai a kwamfuta, inda na ga ɗalibai suna makalewa. Alal misali, hasken infirared (wanda ido ba ya gani) mai tsawon zango maikron 3 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda na'urar Pieters ta auna, ba ya bambance ruwa da haidiroksil (wani sinadari mai kama da ruwa), kuma zafin ƙasar wata yana gurɓata ma'aunin, shi ya sa sai a 2020 SOFIA, na'urar hangen nesa da aka ɗora a jirgin sama, ta tabbatar da ruwa a ɓangaren wata da rana ke haskawa a maikron 6.